Baƙin yashi ko fari a tankin kifin teku: abin dubawa kafin ka ɗauki buhu

Duk wanda ya fara kiwon kifin teku a gida a nan Jidda, ba ya daɗewa sha'awar baƙin yashi take kama shi, kuma ba laifinsa ba ne. Ka kashe fitilar falo ka bar shuɗiyar fitilar tanki kaɗai, sai ka ga yadda baƙar ƙasa take fito da launin komai. Ruwan lemon da ke jikin kifin nan mai ɗamara biyu na Bahar Maliya, Amphiprion bicinctus, ya ƙara ƙarfi, koren murjani ya riƙa walƙiya. Matasanmu da ke haɗa tanki, daga nan har Makka, yawanci da hoton irin wannan tankin a waya suke shiga shagon kayan kifi. Hoton kuwa an ɗauke shi ne a makon da aka zuba yashin. Yadda tankin zai koma bayan shekara guda, babu mai ɗora wannan.

Fitila ko famfo in ba su yi maka ba, da yamma ɗaya za ka cire ka sa wasu. Yashi ba haka yake ba, domin shi ne a ƙasan komai. Bakteriyar da ke juya ammoniya, gubar da ke fitowa daga kashin kifi, ta koma nitrait, sannan ta koma nitrat, da yawanta a jikin ƙwayoyinsa take zaune, dattin watanni kuma a cikinsa yake kwance. Ranar da ka ce za ka canza shi, tankin gaba ɗaya ka taɓa. Don haka gara a yi dogon tunanin tun buhu yana kan kanta a shago.

Farin yashin da aka saba sa wa tankin ruwan gishiri sunansa aragonayit. Kalsiyam kabonet ne, wato abin da murjani da dodon koɗi suke gina jikinsu da shi. Wanda ya taɓa ninƙaya da tabarau a wajen Ubhur, gaɓar tekun da ke arewacin Jidda, ya ga irinsa da idonsa: ƙasan da ke tsakanin duwatsun murjani fari ne ko ruwan madara, ɓarɓashin murjani ne da ɓawon halittun ruwa da igiya ta niƙa. Kusan duk kifin da muke saye, a kan irin wannan ƙasar kakanninsa suka rayu. Masu shago kan ƙara da cewa aragonayit zai riƙe maka pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, da KH, wato yawan kabonet ɗin da ke hana ruwa yin tsami. Akwai gaskiya a ciki, amma kaɗan ce. A ruwan da pH ɗinsa yake tsakanin 8.1 da 8.3, kamar yadda ake so a tanki, aragonayit kusan ba ya narkewa, sai dai can ƙasan yashi inda ruwa ya ɗan yi tsami. Mai murjani masu ƙashi dole ya ci gaba da ƙara kalsiyam da KH da hannunsa, ko yashinsa fari ne ko baƙi. Na faɗi haka ne don kada a kayar da baƙin yashi da hujjar da ba ta da ƙarfi. Hujjoji masu ƙarfi suna nan gaba.

Baƙin yashi ba iri ɗaya ba ne

Abin da ke rikita masu saye shi ne, buhuna huɗu za su iya zama baƙaƙe a ido alhali abin da ke cikinsu bai haɗa dangi ba.

Akwai na dutse mai aman wuta, wanda ake kira basalt. Shi ne baƙi na ainihi, shi ne wanda ke cikin hotunan nan. Kamfanin CaribSea na Amurka yana da wanda ya sa wa suna Hawaiian Black, inda aka gauraya irin wannan dutsen da aragonayit. Akwai kuma mai ruwan toka, wanda shi kabonet ne kamar farin, launinsa kawai ya yi duhu. Gray Coast na kamfanin Seachem yana cikin wannan sahun. Akwai gaurayen fari da baƙi da ake sayarwa a haɗe, kamar Indo-Pacific Black. Sai na ƙarshe, wanda ba na tankin teku ba ne sam amma yana yawan shigowa ta ƙofar araha: yashin da aka rina ko aka shafe da fenti don tankin ruwan daɗi, da kuma baƙin gari mai kaifi da masu walda da fenti suke fesa wa ƙarfe don cire tsatsa. Shi wannan na biyun ragowar ƙonannen kwal ne ko na narkakken ma'adini daga masana'anta. A wuraren sayar da kayan gini ana samun babban buhunsa da kuɗi kaɗan, kuma wasu masu tankin ruwan daɗi suna amfani da shi. Kada ya kusanci tankin da ke da murjani ko jatan lande ko dodon koɗi. Ba ka san ƙarafan da ke cikinsa ba, kuma jan ƙarfe ko ɗan ƙanƙani ne yana kashe waɗannan halittun. Maganarsa ke nan, ba sai an ja ta ba.

Gasar ta gaskiya tsakanin uku take: fari, mai ruwan toka, da na dutse mai aman wuta ko gaurayensa.

Maganaɗisu da gilashi

A ganina wannan ita ce matsala mafi girma, kuma ita ce wadda ba a cika gaya wa sabon shiga ba. Yashin dutse mai aman wuta yana ɗauke da ƙwayoyin wani ma'adinin ƙarfe da ake kira magnetayit, kuma maganaɗisu yana jansa. Tankin teku kuwa cike yake da maganaɗisu: magogin gilashi da muke ja daga waje, famfunan kaɗa ruwa da ke manne a bango, har da abin da ke juyawa a cikin kowane famfo.

Ga yadda abin yake faruwa. Ka sauko da magogi ƙasa don ka share gansakukar da ke kusa da yashi. Tun bai taɓa yashin ba, ƙwayoyi biyu ko uku sun yi tsalle sun shige tsakanin magogin da gilashi. Ba za ka gan su ba, domin baƙaƙe ne kuma magogin ya rufe su. Sai ka ja shi sama, ka ja shi gefe. Wataƙila ka ji wani ɗan ƙara siriri a tafin hannunka, wataƙila ba ka ji ba. Washegari da hasken rana ya faɗo kan gilashin za ka ga layi dogo daga ƙasa har tsakiya, kuma wannan layin ya zauna ke nan.

Dalilin yana cikin taurin duwatsun. A ma'aunin Mohs, wanda ke tafiya daga 1 zuwa 10, gilashi yana wajen 5.5. Aragonayit yana tsakanin 3.5 da 4, kalsayit, wanda shi ma wani nau'in kalsiyam kabonet ne, yana kan 3, don haka gilashi ya fi su tauri, da wuya su yi masa rauni mai zurfi. Magnetayit kuwa yana tsakanin 5.5 da 6.5, sauran ma'adinan da ke cikin basalt su ma a nan kusa suke ko sama. Ga shi ya kai gilashi tauri, ga shi kuma da kansa yake zuwa wurin magogi. In tankinka na akirilik ne, wato robar nan mai kama da gilashi, to ko farin yashi yana karce shi, balle wannan.

Famfo ma yana shan nasa rabon. Ƙwayoyin da ruwa ya kaɗa suna taruwa a jikin maganaɗisun da ke juyawa, su riƙa cin sandar da yake juyawa a kanta. Famfon ya fara ƙara, daga baya ya riƙa tsayawa. A garin da zafi kan wuce digiri 40 a wasu ranakun bazara, tsayawar famfo da rana tsaka, mutum yana wurin aiki, ba ƙaramin abu ba ne ga ruwan da ake so ya tsaya tsakanin digiri 24 da 26 da isasshiyar iska a ciki.

Gwajin wannan ba ya cin ko riyal ɗaya. Ka sa maganaɗisu mai ƙarfi cikin leda, ka ɗora shi a jikin buhun, ko ka tura shi cikin ɗan yashin da mai shago ya buɗe. Ka ɗago. In ka ga baƙin gashi-gashi ya miƙe a jikin ledar, ka san abin da za ka kai gida. Ledar amfaninta shi ne ka juya ta ka zubar da abin da ya manne ba tare da ya liƙe wa maganaɗisun ba. Gwaji na biyu a gida ake yinsa: ka ɗibi cokali ɗaya na yashin ka zuba masa ruwan khal. Kabonet zai yi kumfa yana ƙara a hankali, basalt da yashin da aka rina za su kwanta shiru. Da waɗannan biyun za ka san gaskiyar buhu fiye da abin da aka rubuta a jikinsa.

Wasu suna cewa sai a bi yashin da maganaɗisu a tsince duk mai ƙarfen kafin a zuba. Ana ragewa, amma a kilo goma sha takwas na yashi ba za a tsince duka ba, kuma ƙwaya ɗaya ta isa ta ja layi.

Bayan karce akwai batun abin da dutsen zai iya saki cikin ruwa a hankali. Basalt ba abu ɗaya ba ne a ko'ina, abin da ke cikinsa ya danganta da inda aka haƙo shi, kuma ban da ƙarfe yakan ɗauki ɓurɓushin wasu ƙarafa. Akwai masu tankin baƙin yashi da murjaninsu ke girma lafiya shekara da shekaru, akwai kuma waɗanda murjaninsu ya riƙa ramewa ba dalili har sai da suka kwashe yashin. Kayan gwajin da muke ɗigawa a gida ba sa ganin irin waɗannan ƙarafan. Sai gwajin ICP, wanda ake aika ɗan ruwa ɗakin bincike a dawo maka da sakamako. Wanda ya zaɓi yashin dutse mai aman wuta kuma yana son murjani masu tsada, ya sa kuɗin wannan gwajin cikin lissafinsa tun farko. Mai aragonayit ko mai ruwan toka na kabonet ya rage wa kansa wannan zargin guda.

Wanne ya fi nuna datti?

Mutane suna ɗauka baƙi zai ɓoye datti. Wani dattin yake ɓoyewa, wani kuma ya tona shi. A watannin farko kowane sabon tanki yana yin wata ƙura mai ruwan ƙasa a kan yashi, ƙananan halittu ne da ake kira dayatom, masu cin silika, wani ma'adini da ke narkewa a ruwa. A kan fari tana da muni ƙwarai, a kan baƙi da ƙyar ake ganinta. Wannan maki ne ga baƙi. Amma wannan matakin wucewa yake yi in ruwanka mai kyau ne. Abin da ba ya wucewa shi ne kashin kifi, ragowar abinci, ɓarɓashin dutse, ɓawon dodon koɗin da ya mutu, da gutsuren jar gansakuka mai tauri da ka kankare daga gilashi. Duk waɗannan fari suke komawa ko ruwan toka mai haske. A kan farin yashi ɓacewa suke yi, a kan baƙi kuwa kowanne yana tsaye ana kallonsa, kamar garin tuwo a baƙar abaya. Bayan shekara, baƙin yashin da aka saya don baƙinsa ya zama gauraye, kuma babu yadda za a yi a tsince farin daga ciki. Wanda ya sayi gauraye ko mai ruwan toka tun farko bai yi asarar komai ba a nan, domin kamar da tankin zai koma ita ya fara da ita.

Akwai wani abu kuma da ya fi kyan gani muhimmanci. Idan yashi ya yi kauri kuma datti ya taru a ƙasansa inda iska ba ta kaiwa, yakan fara yin iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda guba ce ga kifi. Alamarta ita ce baƙin tabo a cikin yashi, wanda ake hangowa ta jikin gilashi ko ta ƙarƙashin tanki. A farin yashi da ka duƙa za ka gan shi. A baƙin yashi wannan gargaɗin ya ɓace, sai hanci ya gaya maka, kuma a lokacin an riga an tona wurin.

Batun haske gajere ne. Farin yashi yana mayar da haske sama, ya haska ƙarƙashin rassan murjani, baƙi kuwa shanye shi yake yi. Tanki mai baƙar ƙasa ya fi duhu da fitila iri ɗaya, kuma ƙasan murjani masu rassa ya fi saurin yin fari-fari. Ga murjani masu laushi da ba sa son haske da yawa, bambancin ba ya da yawa. Masu tsoron cewa baƙin yashi zai ɗumama ruwa su kwantar da hankali, a ƙarƙashin fitilar LED ba shi ne zai sa na'urar sanyaya ruwa aiki ba. Ɗakin da aka kashe wa AC ne zai sa ta.

Masu zama a cikin yashin

Wani yaron 'yar'uwata da ke haɗa tankinsa na farko ya ce mini, "Kawu, ni fa launi nake so." Na ce masa, "To ɗana, kai launi kake so, su waɗanda za su kwana a ciki fa?" Domin ga wasu kifaye yashi shi ne gado, shi ne akushi.

Ka zauna gaban tankin da ke da kifin gobi mai tace yashi, na dangin Valenciennea, ka kalle shi minti biyar. Zai dunƙula kai ƙasa ya cika baki da yashi, ya ɗan ɗago, ya riƙa motsa muƙamuƙi, sai ka ga yashin yana zubowa ta ramukan numfashinsa a gefen kai, ya tsince 'yan halittun da ke ciki ya haɗiye. Haka zai yi tun safe har a kashe fitila. Duk ƙwayar da ke tankin sai ta bi ta wannan wuri mai laushi. Kifayen dangin Halichoeres su kuma da magariba suke nutsewa cikin yashi da kai su kwana a binne, haka ma in sun tsorata. Ƙwayar aragonayit mai laushi, musamman wadda ruwa ya mulmula, ba ta cutar da su. Ƙwayar basalt da aka niƙa tana da kusurwa da kaifi, kuma sau da yawa buhun yana haɗe da manyan tsakuwoyi. Ka murza ɗan yashin tsakanin yatsu biyu da ƙarfi. In ya ci maka fata, to ba na waɗannan kifayen ba ne.

Girman ƙwaya ma zaɓi ne mai zaman kansa, ko wane launi ka ɗauka. Mai laushi sosai, ƙasa da milimita 1, ya fi daɗi ga masu binne kansu, amma famfo mai ƙarfi yana kwashe shi ya tara a lungu ya bar gilashi tsirara, ya kuma watsa shi kan murjani. Tsakanin milimita 1 da 2 shi ne ya fi dacewa da yawancin tankuna, yana zama wuri ɗaya kuma gobi yana iya tace shi. Daga milimita 3 zuwa sama datti yake tarawa a tsakaninsa, sai an riƙa zuƙe shi da tiyo kowane mako.

In tankinka na kifayen da ke yawo a sama ne, kamar shuɗin tang mai rawayar wutsiya na Bahar Maliya, Zebrasoma xanthurum, ko ɗan ƙaramin Pseudochromis fridmani mai ruwan shunayya wanda a wannan tekun kaɗai ake samunsa, su ba ruwansu da kaifin yashi sosai. A irin wannan tankin ne baƙi ya fi samun wurin zama.

Wani zai ce ai baƙin dutse ba baƙo ba ne a ƙasar nan, kuma haka ne. Wanda ya bi hanyar Madina ya ga filayen baƙin dutse na Harrat Rahat, inda wuta ta ɓarke a shekarar 1256, wato 654 bayan Hijira, har ta doshi birnin. Dutsen basalt ne, amma ba a tantance shi don ruwan kifi ba, kuma duk matsalar maganaɗisu da kaifi da ƙarafa tana cikinsa ba tare da wani ya auna ba. Yashin bakin Kurnish, wato gaɓar tekun cikin gari, shi ma a bar shi a wurinsa. Yana ɗauke da abin da gari da jiragen ruwa suka zubar, kuma ɗibar murjani da halittun teku abu ne da dokar muhalli ta hana.

Abin da zan zaɓa

Ga tankin murjani, musamman masu ƙashi da rassa, farin aragonayit mai ƙwaya milimita 1 zuwa 2 nake ba kowa shawara, kuma ban ga abin da ya kama ƙafarsa ba. Wanda farin ya yi wa haske da yawa, zuciyarsa tana son duhu, ya nemi mai ruwan toka na kabonet. Ba zai ba shi baƙin da ke hoto ba, amma a ƙarƙashin shuɗiyar fitila yana yin duhu sosai, kuma in ya ci gwajin khal da na maganaɗisu to ya kuɓuta daga manyan matsalolin biyu. Gauraye yana tsakiya: yana tsufa da kyau a ido, amma baƙin da ke cikinsa yawanci na dutse mai aman wuta ne, don haka a gwada shi da maganaɗisu kamar yadda za a gwada baƙi zalla.

Baƙi na ainihi na bar shi ga mai tankin kifi da duwatsu kawai, ko da 'yan murjani masu laushi, wanda ba shi da kifi mai tace yashi ko mai binne kansa, kuma ya yarda zai tsayar da magogin maganaɗisu kamar santimita 5 sama da yashi, ya ƙarasa ƙasan da reza mai dogon hannu. In a gidan akwai yara masu son jan magogi, wannan sharaɗin ba zai cika ba, kuma gara a san haka tun yanzu.

Kowanne ka ɗauka, kaurin santimita 2 zuwa 5 ya isa, sai dai in kana da masu binne kansu ka karkata wajen 5. Lissafin yawansa mai sauƙi ne. Tanki mai tsawon santimita 90 da faɗin 45, da kaurin yashi 3, yana cin kamar lita 12, wato wajen kilo 18, buhu biyu masu kilo 9. Ka fara ɗora duwatsu a kan gilashin ƙasa sannan ka zuba yashi kewaye da su, don kada mai haƙa rami ya tone ƙarƙashin dutse ya rufto. Busasshen yashi a wanke shi a bokiti har ruwan ya washe, wankin ƙarshe da ruwan RO/DI, wato na'urar da ke tace duk ma'adinan da ke cikin ruwa. Ruwan famfo ko na wayit, wato tankar da ke kawo ruwa gida, duk da daga matatar ruwan teku yake zuwa, ya bi ta bututu da tankin ƙasa da na saman bene, kuma silikar da ya ɗebo ita ce abincin ƙurar nan mai ruwan ƙasa. Jiƙaƙƙen yashin da ake sayarwa da bakteriya a ciki ba a wanke shi, amma ka duba ranar ƙarewarsa ka kuma tambayi inda aka ajiye shi. Buhun da ya yi watanni a sito mai zafi ba lallai ne abin da ka biya ƙarin kuɗi dominsa ya rage da rai ba, don haka ka ba tankin makonninsa huɗu zuwa shida, kana auna ammoniya da nitrait, kafin kifi ya shiga.

Wanda kuma ya riga ya zuba baƙi yana son komawa fari, kada ya kwashe shi a rana ɗaya. Ya riƙa zuƙe wani yanki da tiyo duk lokacin canjin ruwa, har zuwa gilashin ƙasa, kada ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu a mako, ya bar na ƙarƙashin duwatsu sai a ƙarshe. Idan ƙasan ya fito fili, ya cire famfuna ya wanke maganaɗisunsu ɗaya bayan ɗaya, ya bi kusurwoyi da maganaɗisu a leda, sannan ya zuba sabon yashin da aka wanke ta cikin bututu mai faɗi, kaɗan-kaɗan, famfuna a kashe.